Hannun Hagun Hajiya Kyauta

Ku gyara zama, 'yan uwa. Wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, don abin da zan ba ku yau ba a sauraronsa da rabin kunne.

Akwai ƙamshi ɗaya da ba na iya jurewa a duniya: turaren wuta idan ya gauraya da man zafi. Kowanne shi kaɗai ba ruwana da shi. Amma su haɗu a ɗaki ɗaya, sai in ji kamar wata na tsaye a bayana tana gyara mayafi. Ku riƙe wannan a ranku, za mu dawo kansa.

Ga wadda yau ta fara zama cikinmu, sunana Muniratu. Likita ce ni, ƙarama dai, ban daɗe da gama bautar ƙasa ba, ina aiki a wani asibiti nan Minna. Asalinmu Bida, amma a unguwar Kpakungu aka yanke min cibiya, a nan kuma nake zaune gidan ƙanin mahaifina, Baba Ndako, tun da iyayena suka rasu. Abu biyu suka sauko min a damina ɗaya, kowanne yana jan zanina ta gefensa. Na samu gurbin karatun ƙwarewa a kan ciwon daji a Zariya, karatun da zai ci shekaru. Ga kuma Munzali, mai shagon kayan sola kusa da shataletalen Mobil, wanda magabatansa suka riga suka kawo gaisuwa, saura sa rana.

Ranar da zan ba ku labarinta, na fito da farar rigata a kafaɗa na tarar da Baba Ndako a gindin mangwaro, kofin koko a gabansa, rediyo na ta surutu shi kaɗai. A gida Nufanci muke yi, amma in Baba yana son magana ta shiga jikina sai ya koma Hausa, wai Hausa ta fi iya faɗa. Hausar tasa kuwa har yau ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wurinsa.

"Muniratu, zo nan. Kai likita ne, mun gode Allah. To me kuma kana nema a Zariya?"

Na durƙusa. "Karatu ne, Baba."

"Karatu, karatu! Mutum ya fita makaranta ya shiga makaranta, yaushe zai shiga ɗaki? Uwan yaron nan ya aiko. Ya ce ba ya so matan ɗansa yana wuni cikin ciwon da ba ya warkewa, yana kwaso musu mutuwa a riga."

"Baba, ai ba a ɗaukarsa."

"Ni ka gaya wa? Je ka gaya masa." Ya kurɓi koko, ya sassauta murya. "Ɗana, yaron kirki ne. Irinsa ba ya zuwa sau biyu."

Ina cikin keke wayata ta yi ƙara. Saƙon Munzali ne.

"Salam, Daktata. Hajiya ta ce ki zo bayan la'asar, da bakinta za ta yi miki magana. Don Allah ki bi ta a hankali. Ki ce to kawai, sauran ki bar min."

Na rubuta, "To ɗin da zai ɗaure ni?"

"To ɗin da zai kawo ki gidana. Ki sa atamfar nan ruwan ganye, ita Hajiya ke so. Ni kam ko buhun siminti kika ɗaura ina so."

Na yi murmushi ban shirya ba. Haka yake, sai ya sa ki dariya kina tsakiyar fushi. Ina sonsa, 'yan uwa, gara in faɗa muku tun yanzu, kada nan gaba wata ta ce dama can neman hanyar gudu nake yi.

To amma me ya sa na nace sai wannan karatu, ba wani ba? Dole in ba ku labarin Nna.

Nna mahaifiyata ce. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa take sayarwa. Hausarta ta kasuwa ce, Turanci kuwa ko na gaisuwa babu. Ina ajin ƙarshe a makarantar kwana ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Da jikin ya fara sanyi, mijin yayata, Yaya Suleiman, mutum mai kirki wallahi, ya ɗauke ta ya kai ta asibiti. Likitan da suka samu namiji ne daga can kudu, mai haƙuri, mai son aikinsa, amma ba ya jin Nufanci, ba ya jin Hausa. Sai aka ce Yaya Suleiman ya zauna ya yi tafinta.

Ku da kuka san surukuta, ku gaya min. Wace uwa ce za ta buɗe baki ta ambaci mamanta a gaban mijin 'yarta, mutumin da ko ruwa ba ta sha a gabansa? Likita ya tambaya ina ke ciwo. Nna ta kalli ƙasa, ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Babu komai. Jiki ne ya gaji."

Aka rubuta mata maganin ƙarin jini, suka dawo gida kowa na hamdala.

Lokacin da na zo hutu, ɗakinta ya cika da turaren wuta da man zafi, tagogi a rufe. Tsumma a ninke a hammatarta, hannun hagu ya kumbura a ƙarƙashin mayafi. Gida cike da mutane, babu wanda ya lura. Ina za su lura? Wa yake kallon hannun hagu? Ba a miƙa abu da shi, ba a karɓa da shi, ba a ci da shi, ba a gaisawa da shi. Mace za ta iya ɓoye shi shekara da shekaru a tsakiyar 'ya'yanta.

A layinmu ɗaya, a shekarar nan, matar wani hedimasta ta kamu da irin ciwon. Ita tana jin Turanci, ta kuma dace da likita mace a Abuja. Kwanan nan na gan ta a gidan suna tana yi wa jikanta rawa. Ba na mata baƙin ciki, Allah ya ƙara mata lafiya. Na kuma yi imani kwanan Nna ne ya ƙare. Amma ciwo ɗaya, layi ɗaya, shekara ɗaya: ɗaya ta samu wadda za ta buɗe wa mayafi, ɗaya ba ta samu ba.

Tun daga nan Nna ba ta bar ni ba. Ba a mafarki take zuwa ba, da rana tsaka take zuwa. In hango ta a layin yankar kati, in hango ta a bakin titi tana jiran keke, mayafi ninki biyu, kafaɗar hagu a ɗan sauke. In na matsa sai in ga wata ce. Kullum wata ce.

Ranar da nake ba ku labarinta ta zo daidai da zuwan Dakta Moses, babban likitan ciwon daji da ke zuwa mana daga Abuja sau ɗaya a wata. Baranda ta cika maƙil. Mata daga Kuta, daga Wushishi, daga Kagara, wasu tun kafin asuba suka hau mota. Kowace da namijin da ya rako ta, ɗa ko miji ko ƙani, don shi ne mai Turanci, shi ne mai baki.

Aka shigo da wata dattijuwa 'yar Kagara tare da ɗanta, magidanci mai gemu. Dakta Moses ya yi tambaya, ɗan ya juya mata da Hausa, ta ce, "Da sauƙi." Ya sake wata tambayar, ta ce, "Da sauƙi." Na kalli Goodness, nas ɗinmu 'yar Kuta, ita ma ta kalle ni.

Na ce, "Malam, don Allah taimaka ka samo wa Baba ruwan sha. Shagon can bakin get ya fi sanyi."

Yana fita Goodness ta ja labule, Dakta Moses ya juya mana baya yana duban taga. Na tsuguna a gaban tsohuwar na ce, "Baba, daga ni sai ke. Ni 'yarki ce. Nuna min." Ta dube ni, ta dube ni, sai ga hawaye. Maganar da ta daɗe tana dannewa ta ɓalle kamar an fasa tulu.

Bayan sun tafi Dakta Moses ya cire tabarau ya murza ido. Da Turanci ya yi maganar, ni zan juya muku.

"Muniratu, matar nan ta sha zuwa gabana, ban taɓa jin abin da ta faɗa miki yau ba. Ba don ban damu ba. In muka yi taron likitocin daji, nakan waiwaya in duba ɗakin, in nemi masu kama da matan barandar nan, masu jin harshensu. Sai in ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, yatsu su yi saura. Ki tafi Zariya. Kada ki bari gurbin nan ya wuce ki." Ya mayar da tabarau. "Ina nan har magariba, in kina son mu ƙara magana."

Ina cire safar hannu Goodness ta dungure ni da gwiwar hannu. "Dakta amarya, an ce yau za a kai ki gaban alƙali ko? Abeg ki sunkuyar da kai. Na san idon nan naki, kar ki je kina yi wa suruka kallon marar lafiya."

Muka yi dariya. Da na san bakin Goodness na da kaifi haka, da na toshe shi da auduga.

Na koma gida na yi wanka, na sa atamfar ruwan ganye, riga da siket, ɗinkin da ba ya kama jiki. Na yafa mayafi ruwan madara, na ja kwalli siriri, na sa zoben azurfar da Munzali ya ba ni ranar da aka kawo gaisuwa. Inna, matar Baba Ndako, ta cika min kwanon tagulla na Bida da ƙuli-ƙuli mai yaji, tana ɗaure shi a ɗankwali tana karanto min dokoki.

"Kar ki hau kujera. Kar ki ɗaga ido. Kar ki kama sunan yaron a gabanta. In an ba ki abinci ki ce kin ƙoshi, ko hanjinki na kuka. In ta yi magana ki ce to. Kin ji ko? Likitancin nan ki bar shi a ƙofar gida tare da takalmi."

Gidan su Munzali na unguwar Limawa, tsohon gida ne, ba nisa da layin dogo. Kakansa ya biyo jirgin ƙasa da fataucin goro ya yada zango a nan, har yau akwai wani tsohon katakon dogo a ƙofar zaure da dattawa ke zama a kai. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas, iska na kaɗa ledoji a lungu. Munzali na tsaye cikin shadda ruwan toka, yana ta duba agogo.

"Kai, jama'a," ya ce, ya dafe ƙirji. "A kira min likita."

"Likitar ta tashi daga aiki."

"Muni." Ya rage murya, wasan ya bar fuskarsa. "Kwana biyun nan Hajiya ba ta da walwala. Tsufa ne, ga ciwon gwiwa, a zaune ma take salla. Na kai ta asibiti bara, aka ce gajiya ce. Kar ki ja da ita. In muka yi aure zan san yadda zan lallaɓa ta a kan Zariya, na yi miki alkawari."

Ya raka ni har ƙofar ɗakin ya tsaya, don ba zai shiga ya zauna tare da ni a gaban mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba, "yaron nan" take cewa, shi ma ba ya iya haɗa ido da ita.

Na cire takalmi, na yi sallama, na ɗaga labule.

Turaren wuta. Da man zafi.

Ban san yadda na kai ƙasa ba. Na dai ji ni durƙushe a kan kafet, kwanon tagulla a hannuna. Ɗaki ne na tsofaffin matan da suka ji daɗin duniya: gado mai rumfa da zanin gado mai aiki, kabet cike da kwanuka a jere suna ƙyalli, hoton Ka'aba a bango, fankar sola ta Munzali na juyawa a kusurwa. Tagogi duka a rufe, duk da zafin da ake yi kafin ruwa. Hajiya Kyauta na zaune a kan darduma ta jingina da gado, doguwa, fara, carbi a hannun dama, ta lulluɓa da babban mayafi ninki biyu. Gefenta Goggo ce, ƙanwar mahaifin Munzali, mai kaifin ido da kaifin baki.

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da aiki da damina. Goggo ta buɗe kwanon ta ɗanɗana. "Uhm. Nufawa dai a ba su gyaɗa a koma gefe. To 'yar Bida, tuwo fa, kin iya, ko allura kawai?"

"Ina taɓawa, Goggo."

"Za mu gani."

Hajiya ta yi gyaran murya. Muryarta a hankali take, irin ta wadda ba ta saba maimaita magana ba.

"'Yar nan, ban kira ki don in hana ki aiki ba. Ki duba masu zazzaɓi, ki karɓi haihuwa, duk aikin lada ne. Amma wannan ciwo da ko sunansa ba a son kamawa da safe, ba na son sa a gidana, ko a baki. Ki ajiye maganar Zariya, a sa rana kafin azumi. Yaron nan ya daɗe yana jira."

Kaina na sunkuye kamar yadda Inna ta ce. Ku ji ikon Allah: da na ɗaga ido kamar marar kunya, da fuskarta kawai zan gani, fuskar kuwa lafiya lau, har da kwalli. Ladabin ne ya kai idona ƙasa. Fanka ta juyo, iskarta ta ɗaga gefen mayafin, sai ga hannun hagu a kan cinya.

Yatsu sun cika sun yi sulɓi. Wani zoben zinariya ya nutse cikin nama har ba a ganin rabinsa. Hannun dama mai jan carbi kuwa siriri, jijiyoyi a fili. Mayafin ya koma ya rufe. Fanka ta tafi, ta dawo, ta sake ɗagawa.

Na ce a raina, Muniratu, ki ce to. Kalma ɗaya ce. Ki ce to ki tashi. Suruka ba ta kallon jikin uwar miji, balle ta yi magana a kai. In kika buɗe baki, kafin isha labari ya kai Kpakungu cewa 'yar Ndako ba ta da tarbiyya.

Wayata ta girgiza a cikin jaka. Na san ko waye.

Ta gefen idona kuwa, can wajen kabet inda hayaƙin turaren ke taruwa, sai na ga kamar mace a tsaye, kafaɗar hagu a sauke. Ban juya ba. Na san in na juya babu kowa. Na kuma san wace ce.

"Hajiya," na ji bakina ya ce, "yaushe hannun nan ya fara kumbura?"

Carbin ya tsaya.

"La'ilaha illallahu!" Goggo ta saki ƙuli-ƙulin da ke hannunta. "Yau na ga abin da ya fi ƙarfina. Ke, gidan surukai kika zo ko zagayen asibiti? Ko lalle ba a sa miki ba kin fara ƙirga wa uwar miji gaɓoɓi?"

Hajiya ta ja mayafi ta rufe hannun. Ba ta kalle ni ba, ƙasa ta kalla.

"Babu komai," ta ce. "Jiki ne ya gaji."

'Yan uwa, ban san ina kuka ba sai da na ga ɗigo a kan atamfata. Na ɗaga kai, na yi abin da aka hana ni, na dube ta ido cikin ido.

"Haka mahaifiyata ta ce, Hajiya. Kalma a kan kalma. Ɗakinta ma haka yake ƙamshi. Ni na wanke tsummokaran da take sawa a hammata."

Sannan ruwa ya fara sauka a kan kwano, ɗaya-ɗaya, manya.

"Goggon yara," Hajiya ta ce ba tare da ta juya ba, "ruwa ya sauko. A kwashe shanya."

"Yaya, yarinyar nan fa..."

"A kwashe shanya."

Goggo ta fita tana tafa hannu tana salati. Hajiya ta nuna min ƙofa da haɓa. Na tashi na sa sakata, na dawo na durƙusa. Ta kalli garwashin da ke cikin kaskon turare.

"Yaron nan ya kai ni asibiti," ta ce. "Na shiga da niyyar in faɗa, Allah ne shaidata. Sai na tarar da yaro namiji, sa'an ɗan cikina, ba ya jin Hausa. Aka ce wanda ya kawo ni ya zauna ya fassara. Ɗana na fari, wanda ko sunansa ban taɓa kamawa ba. In ce masa me? In ce ya gaya wa wancan cewa abin da ya sha yana jariri ne ya..." Ta gyara mayafi. "Na ce gajiya ce. Na dawo na shiga shan sassaƙe da shafe-shafe. Ranar da aka ce min yarinyar da yake nema wannan ciwon take son karanta, ban runtsa ba. Na ce wannan in ta shigo gidan nan, ba za a kwance lallenta ba sai ta tona ni. Ashe ba ma sai kin shigo ba."

"Ki bar ni in duba, Hajiya."

"Tsaya." Ta ɗaga hannun dama. "Uwata har ta koma ga Allah matar ɗanta ba ta taɓa ganin gashin kanta ba. Haka na taso. In kika ga abin da ke ƙarƙashin mayafin nan, da wane ido za ki durƙusa ki gaishe ni da safe? Ni da wane ido zan amsa? To ga zaɓi. Ki tashi ki buɗe ƙofar nan, ba ki ga komai ba, ba ki ji komai ba. Gobe in sa a sa rana. Zariyar ma na bar miki, ki je ki yi karatunki da aurenki."

Duk abin da nake roƙo a sujada, ga shi an ajiye min a faranti ɗaya.

"Ko kuma ki duba," ta ce, "ki zama likitata. Amma ba ni da tabarma biyu, ta likita da ta matar ɗa, da zan shimfiɗa miki a ɗakin nan."

Wayar ta sake girgiza. Wannan karon na ciro ta, ban san dalili ba, wataƙila don in ga sunansa. "Amaryata, ya ake ciki? Na ga Goggo ta fito kamar an mare ta. Kin ce to?"

Na kifa wayar a kan kafet.

Na yi tunanin dariyarsa. Na yi tunanin Baba Ndako a gindin mangwaro yana cewa irinsa ba ya zuwa sau biyu. Sannan na yi tunanin in tafi Zariya in yi shekaru ina koyon yadda ake gane ciwon nan, alhali na gane shi a ɗakin nan na taka shi na wuce. Wace irin likita za ta dawo? Wace irin mata ce za ta zauna da Munzali ranar da za a fito da uwarsa a makara, ta yi masa ta'aziyya da bakin da ya yi shiru?

"Hajiya, ina buta da sabulu?"

Ta lumshe ido. Ta nuna bayan ƙofa.

Na zare zoben azurfar na ajiye a gefen dardumarta, don ba a duba marar lafiya da zobe. Na wanke hannuna a kwano har gwiwa, na murza su suka yi ɗumi. Da na juyo, ta saki mayafin da kanta.

Ba zan zana muku abin da na gani ba, wannan tsakanina da ita ne. Abin da zan iya faɗa shi ne, ya yi nisa, amma bai kai inda na Nna ya kai ba lokacin da na zo hutu. Na duba a hankali, ina gaya mata duk inda zan taɓa kafin in taɓa.

"Mutuwa ce?" ta tambaya.

"Mutuwa na hannun Allah, Hajiya. Wannan ciwo ne, yana da suna, akwai kuma abin da ake yi masa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba, sai an yi gwaji. Amma babban likitansa yana garin nan har magariba, in ya tafi sai wani watan, ke kuma ba ki da watan da za ki bayar. Namiji ne, ba zan ɓoye miki ba. Amma ni zan zama bakinki, ni zan riƙe mayafin. Ɗanki a waje zai tsaya."

Sai aka buga ƙofa.

"Hajiya? Lafiya kuka sa sakata?" Muryar Munzali ce, ruwa na dukan kwano a bayansa. "Muni? Me ya faru?"

Hajiya ta damƙe wuyan hannuna da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Idonta na roƙona. Na buɗe baki, sai na ji kalmomin nan biyu sun hau kan harshena da kansu, a shirye, masu sauƙi, irin waɗanda kowace 'yar kirki ke faɗa ta bayan ƙofa. Babu komai.

Na haɗiye su. Na raɗa mata, "Sirrinki naki ne, ba zan faɗa masa ba sai kin yarda. Amma ba zan ce babu komai ba. Ke za ki amsa masa."

Ya sake bugawa. Ta dubi ƙofar, ta dubi hannunta na hagu da ke kwance a fili a karon farko. Leɓɓanta suka yi motsi babu sauti, kamar mai gwada kalmar wani yare.

"Munzali," ta ce.

Bugun ya tsaya cak. Ko numfashinsa ban ƙara ji ba.

"Kawo mota bakin zaure. Likita ta ce mu tafi."

Likita. Ba "'yar nan" ba.

Na taimaka mata ta mayar da riga, na yafa mata mayafi. Na waiwaya wajen kabet, hayaƙin ya baje, babu kowa. Sai na sunkuya in ɗauki zobena a gefen darduma.

Ba ya nan.

Na ɗaga kai, na ga Hajiya tana ƙulle shi a bakin mayafinta, da hannu ɗaya da haƙori, ƙulli biyu. Ba ta ce ajiya ba ce, ba ta ce karɓewa ba ce. Ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Zare sakatar," ta ce. "Yana jira."

Na kai hannu ga sakatar, yatsana babu komai, shi kuma yana tsaye a bayan ƙofar.